Goggon Taga da Farantan da Ke Dawowa

Shekara ashirin da uku Goggo ta yi tana wanke-wanke a gidan abincin nan, amma da za ka haɗa ta da masu cin abincin a kan titi, ko mutum ɗaya ba za ta gane ba. Wurin aikinta wani lungu ne a bayan kicin, da famfo biyu, da baho uku, da katakon da ake kife farantai. Tsakaninta da zauren cin abinci bango ne, a jikin bangon kuma akwai 'yar taga mai faɗin tire, ta nan masu hidima ke turo abin da aka gama da shi. Wanda ya gina tagar bai yi tunanin kowa zai so ganin kowa ba, don daidai ƙugu ya sa ta. Hannu kawai Goggo ke gani, sai faranti. Da haka ma'aikata suka sa mata Goggon Taga, sunan ya bi ta har gida, har jikokinta ma da shi suke kiranta.

Ba da niyyar daɗewa ta zo ba. Mijinta tela ne, ido ya fara yi masa gardama har zare ya daina shiga allura, ga 'ya'ya huɗu a gabansu. Ƙanin mijin, wanda kowa ke kira Dogo, shi ne kukun gidan abincin, shi ya yi mata hanya. "Wata uku kawai, Yaya, kafin idon ya warware," in ji shi. Idon bai warware ba. Mijin ya ƙara shekara tara yana zaune a ƙofar ɗaki da rediyonsa, sannan ya rasu. 'Ya'yan suka girma, kowa ya kama gabansa, sun yi da ita ta huta har sun gaji. Ita dai tana nan gaban famfo, yatsunta sun yi kaushi har ruwan zafi ba ya ce musu komai.

Mutane sun ɗauka mai wanke-wanke ba ta san komai ba sai soso da sabulu. Duk mai wannan tunani bai taɓa tsayawa a bayan taga ba. Mai cin abinci zai iya kallon mai hidima ya ce masa ya yi daɗi sosai, don kawai kada ya ba shi kunya, amma farantinsa in ya dawo ba ya rufa masa asiri. In gishiri ya zarce, shinkafa ce ke ƙarewa a bar miya, kofin ruwa ya dawo babu ko ɗigo. In nama bai nuna ba, zai dawo da shatin haƙori a gefe ɗaya. Wanda ya zo da ɓacin rai yakan dagula abincin da cokali ya bar shi. Saurayi da budurwa ba sa cin ko rabi, kuma sai sun lulluɓe sauran da takardar goge hannu. Teburin da hira ta yi daɗi kuwa, farantansa kan dawo a makare, an sharce su tas, ɗan abin da ya rage na miya ya bushe ya kama, sai ta jiƙa kafin ya fita. Waɗannan su suka fi ba ta wahala, kuma su ta fi so.

Akwai mutanen da ta sani tun shekaru, ba ta san ko gajeru ne ko dogaye ba. Akwai mai jera ƙasusuwa a bakin faranti, ƙanana a gaba, manya a baya. Akwai mai tsince albasa ɗaya bayan ɗaya ya tara ta a cokali. Lokacin da mai albasa ya yi wata biyu bai zo ba, Goggo ce ta fara tambaya ko lafiya, sai a sannan masu hidima suka lura. Ashe asibiti ya kwanta. Ranar da cokalin albasa ya sake shigowa ta taga, ta yi hamdala a fili, ita kaɗai.

Dogo ya fi kowa sanin amfaninta, kuma ya fi kowa ƙin nunawa. Tana tsakar wanki sai ta ɗaga murya.

"Dogo, yau hannunka ya yi nauyi a gishiri."

"Wa ya faɗa miki? Kin ɗanɗana ne?"

"Ban ɗanɗana ba. Mutum shida suka aiko min."

"Allah ya haɗa ni da matar wa," sai ya ce yana ƙunƙuni. "Yayana ya tafi ya bar min alƙali a bayan kicin." Daga nan ya faki idonta ya ɗebi miyar ya lasa, ya nemi ruwan zafi ya ƙara. Bai taɓa cewa ta yi gaskiya ba, ita ma ba ta taɓa jira ya ce ba.

Haka aka yi ta tafiya har ciwon ƙafa ya zaunar da mai gidan abincin, 'yarsa Auta ta karɓi wurin. Kada ka yi zaton wata muguwa ce ta zo. A kicin ɗin nan Auta ta yi wayo, Goggo ta sha wanke mata hannu a wannan famfon tana tsaye a kan kujera. Ta yi karatu, ta yi aikin ofis, ta dawo da ladabinta, kullum sai ta leƙo lungu ta gaishe ta kafin ta buɗe aljihun kantar karɓar kuɗi. Matsalarta ɗaya, ba ta iya ganin abu ya karkace ta wuce shi. A shekarar kuma aka buɗe wani dogon gini na ofisoshi a ƙarshen titi, sai ya zama daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi layi har waje, wasu su gaji da tsayuwa su juya. Kowane mutum da ya juya, sai Auta ta ji kamar ita ta kore shi.

Sai ta kafa doka. Da zarar mai hidima ya ga cokali ya tsaya, ya matsa ya tambaya cikin ladabi ko an gama, in an ce e ya kwashe, ya goge, ya zaunar da na gaba. Layi ya fara tafiya, kowa ya yaba. Ta kuma sayo sikeli ta ajiye a bakin lungun Goggo, kullum da la'asar a ɗora bokitin ragowar abinci a gani, don ta ce ba ta son ɓarna. A nan magana ta tashi, domin mako bayan mako bokitin sai nauyi yake ƙarawa.

Auta ta bi tebur tebur tana tambaya, kowa ya ce abinci lafiya lau. Ta zauna ta yi tunani irin na mai hankali, ta ce mutane kara suke yi, bokiti kuwa ba ya kara. In abinci na dawowa, to daga tukunya ne. Dogo ya haura sittin, shekara talatin da ɗaya yana gaban wuta, wataƙila harshen ne ya gaji. Ta samu wani kuku da ya yi aiki a babban otal, suka yi magana zai zo ƙarshen wata. Ta kira Dogo gefe, idonta a ƙasa, ta ce, "Kawu, ba korarka nake yi ba. Ina ganin lokaci ya yi da za ka ɗan huta."

Dogo bai yi gardama ba, kuma wannan shi ya tayar wa Goggo da hankali. Mutumin da zai yi musu da kai a kan ko rana ta fito, ya ce to kawai. Da ma ya yi auren jinkiri, ƙananan 'ya'yansa biyu har yanzu suna makaranta, amma ba wannan ne ya fi cinsa ba. Yarda ya yi. Ya koma ɗanɗana miya sau goma kafin ya sauke, yau ya ƙara wannan gobe ya rage wancan. Ya daina tsokanarta. In ya samu sarari sai ya zo ya tsaya kusa da taga yana kallon abin da ke shigowa, hannunsa a baya. Wata rana ya miƙo mata ludayi, murya ƙasa ƙasa, ya ce, "Yaya, ɗanɗana min. Ni na daina yarda da bakina." Tausayinsa ya kama ta.

Ita kuwa ta san ba tukunya ba ce. Tun kafin a kawo sikeli ta lura aikinta ya yi sauƙi, ba abin da ke buƙatar jiƙo, farantai na zuwa da ɗuminsu, ruwa ɗaya su fita. Kuma irin ragowar ba ta wanda abinci ya gundura ba ce. Wanda bai ji daɗin abinci ba, naman yake fara tsincewa ya cinye, ya bar shinkafar a watse. Waɗannan kuwa an ci su a tsanake daga gefe guda, sannan a can bakin faranti ga tsoka mafi kyau an ture ta, ba a ko taɓa ta ba, da 'yar shinkafa cokali biyu ko uku a kusa da ita. Goggo ta haifi huɗu ta raini jikoki, ta san abin da ake nufi in mutum ya ture tsoka gefe. Ajiye ta yake yi ta ƙarshe.

Sanin abu daban, faɗarsa daban. Kwana goma tana juya maganar a ranta, domin ba ta saba tsoma baki a abin da ya wuce famfonta ba. Da ta ga saura mako guda wata ya ƙare, sai ta ware farantai bakwai ba ta kankare su ba, ta jera a kan katako, ta aika a kira mata Auta. Ta nuna mata ɗaya bayan ɗaya, ta yi bayani yadda ta iya. Auta ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ta ba.

"Na ji, Goggo," ta ce. "Amma ai ba wanda ake ƙwace wa faranti. Tambayarsa ake yi. Manyan mutane ne da bakinsu. Wanda bai gama ba, me zai hana shi ya ce bai gama ba? Ke da ke ce, za ki bari a ɗauke miki?"

"Ni? Wa ya isa," in ji Goggo. Daga faɗar haka ta ga ta rushe maganarta da bakinta. Auta ta dafa kafaɗarta ta fita, ita kuma ta kankare farantan bakwai cikin bokiti.

Tambayar ta hana ta sakewa. Gaskiya ne, me zai hana mutum ya ce bai gama ba? Ta gane duk abin da ta sani game da zauren nan, daga bayan bango ta san shi. Laraba ce ranar hutunta, ranar wata maƙwabciya ke riƙe mata famfo. Wannan Larabar ta yi wanka, ta ciro kayan da take zuwa unguwa da su, ta shafa mai a hannuwan nan har sau biyu, ta zo ta bi layi a ƙofar gaba kamar kowa.

Mai Gemu ne ya tarbe ta, wani mai hidima da ya shekara goma sha biyu yana turo mata tire. Ya kalle ta ya ƙara kallo, sannan ya fashe da dariya. "Goggo, yau ke ce a nan? To wa ya mutu?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Abinci na zo ci, kai ni in zauna."

Ya kai ta wani ɗan tebur na mutum biyu kusa da bango, ya ja mata kujera har da rusunawa. Ta ce shinkafa da miya da naman kaza. Labari ya kai kicin kafin ta gyara zama, ta san haka don ta ga irin cinyar da aka sa mata, babu mai zaɓo wannan sai Dogo.

Ta fara ci, sai ta manta abin da ya kawo ta. Shekara ashirin da uku tana cin girkin Dogo a tsaye, a murfin tukunya, tsakanin baho da baho, hannu da ƙanshin sabulu. Ba ta taɓa sanin haka yake ba in an kawo maka shi da zafinsa, kana zaune, bayanka a jingine, fanka na juyawa a sama. Ta ga zauren ya fi yadda take zato haske. Ta ga wani mai tabarau a tebur na gaba yana tsince albasa yana tarawa a cokali, ta yi saurin sunkuyar da kai don kada ya ga tana murmushi. Ashe ƙaramin mutum ne, ita duk shekarun nan ƙato ta ɗauka. Ba ta san sanda ta ture cinyar gefe ba. Ta ci shinkafa ta kusa ƙarewa, ta ajiye cokali don ta sha ruwa ta ɗan numfasa.

"An gama, Goggo?"

Mai Gemu ne a kanta. Murmushi yake yi, amma idonsa na kan ƙofa, yatsunsa biyu kuma sun riga sun kama bakin farantin. Ta bi idonsa da kallo. Mutane tsaye sun kai goma sha biyar, har da wata mai tsohon ciki ta dafa ƙugu, kuma ta ga kamar duk teburinta suke kallo, tsohuwa guda ta tare wurin mutum biyu. In ta ce a'a, sai ya saki farantin a gaban jama'a, a ga kamar ya yi laifi, a ga kuma ita a kan tsoka ɗaya ta riƙe layi. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

"Na gama," ta ji bakinta ya ce.

Farantin ya tashi. Tsumma ya wuce ta gabanta sau biyu. Ta zauna hannunta a cinya tana kallon teburin yana sheƙi.

Auta tana bayan kantar kuɗi, tun shigowar Goggo idonta bai bar wurin ba. Ta zagayo ta tsaya a gefenta, ta sunkuyo. "Goggo, kazar fa? Na ga kin ajiye ta."

"Na ajiye."

"To me ya sa kika ce kin gama?"

"Hannunsa na kai, 'yar nan. Ga mutane a tsaye." Sannan ta ƙara, "Nauyi na ji."

Fuskar Auta ta sauya. A daidai lokacin Goggo ta hangi Mai Gemu yana tura tire cikin taga, sai ta tuna wanda ke tsayawa a bayan tagar nan kwanakin nan. Ta miƙe, ta ratsa tsakanin tebura ba ta ko ba da haƙuri, ta isa bangon ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta leƙa.

Dogo na tsaye da farantinta a hannu ɗaya. Ɗaya hannun yana bayansa, yana kwance igiyar ƙyallen aikin da yake ɗaurawa a ƙugu. Da ya ga fuskarta a taga bai yi mamaki ba, bai kuma yi fushi ba.

"Yaya, har ke ma?" ya ce a hankali. "Da kaina na zaɓa miki."

"Ban gama ba, Dogo. Ajiyewa na yi."

"An ce kin gama."

"Ni na ce. Ƙarya na yi. Miƙo min abina."

Ya tsaya yana kallonta, kamar yana auna ko lallashi ne. Ta zura hannu ta taga, hannun da ya saba karɓa daga wancan gefe, ta kama farantin ta ja, ya sakar mata. Kafin ta miƙe Auta ta karɓe shi daga hannunta. Mai Gemu ya riga ya fara zaunar da wasu maza biyu a teburin, Auta ta ba su haƙuri ta ce akwai mai shi, ba ta gama ba. Ta ajiye farantin da kanta, ta kawo sabon cokali, ta ce wa Mai Gemu ya faɗa wa sauran, daga yau kada a sake tambayar kowa, kada kuma hannu ya taɓa faranti sai mai shi ya ture ko ya tashi. Mai ciki kuma a kai mata kujerar da ke bayan kantar kuɗi ta zauna kafin wuri ya samu. Sannan Auta ta koma bakin taga ta sunkuya.

"Kawu, ɗaura abinka. Ba hannunka ba ne, ni ce. Zan kira mutumin nan in ce masa ya bari."

Goggo ba ta ji amsar da ya ba Auta ba, ko ma bai amsa ba. Bayan ɗan lokaci dai ta ji ƙarar ludayi a bakin tukunya, da muryarsa yana yi wa mai yankan albasa faɗa a kan ya cika kauri. Ta koma ta zauna. Layin yana nan, wasu biyu ma sun juya sun tafi tana kallo, kuma har yanzu nauyin bai sake ta ba. Cinyar ta huce. Ta ajiye cokalin ta sa hannu, ta ci a hankali har ƙashi, ta sharce miyar da sauran shinkafar, ta sha ruwa, ta zauna tana hutawa. Ba wanda ya zo kanta.